Keken ɗinkin da aka saya ta waya: kwana 65 tsakanin biyan kuɗi da dawowarsu

Matar da sana'arta

Matar da wannan rubutu ya shafa tela ce a Jos, shekarunta 34, tana da shago mai ɗaki ɗaya a wata unguwa da ke gefen titin Bauchi, inda take ɗinkin mata da na yara tare da 'yan koyo biyu. Ba za a ambaci sunanta ba, haka ma shagon da ta yi ciniki da shi. Ta ba ni damar duba saƙonnin da suka yi musaya a WhatsApp, da shaidar biyan kuɗi, da takardun da aka rubuta daga baya, kuma a kan waɗannan na dogara wajen kawo ranaku da adadin kuɗi.

Har zuwa farkon 2025 kekunan ƙafa guda biyu take aiki da su. Burinta shi ne ta mallaki keken lantarki irin na masana'anta, wanda teloli ke kira indastiriyal, kafin azumi ya kama, domin duk tela ya san cewa abin da ake samu tsakanin farkon Ramadan da daren sallah shi ke riƙe shago na watanni. Akwai sharaɗi guda da ba za ta iya sassautawa ba. Wutar unguwarsu ba ta da tabbas, kuma abin da take da shi ƙaramar inbata ce mai batir ɗaya da ta saka don fitila da fanka da cajin waya. Don haka keken da take nema shi ne sabon samfurin nan da motonsa ke haɗe a jikin kan keken, wanda ba ya jan wuta sai an taka. Tsohon samfurin, mai moton kuloci da ake ɗaurawa a ƙarƙashin tebur, da zarar an kunna shi juyawa yake yi ba tsayawa ko ana ɗinki ko ba a yi, kuma yana fizgar wuta sosai lokacin tashi.

A ƙarshen Janairu ta kwashi adashe, naira 500,000.

Ciniki: 3 zuwa 5 ga Fabrairu

Ranar Litinin 3 ga Fabrairu ta ga tallar wani shago na Abuja a Instagram, da hoton keken da take so, an rubuta cewa sabo ne, farashi naira 420,000. A Jos ta taya irinsa an ce mata 445,000. Ta ɗauki hoton tallar daga allon wayarta ta tura wa yayanta da ke aiki a Abuja don neman shawara, shi kuma ya ce farashin bai yi nisa da na kasuwa ba, don haka bai ga alamar damfara ba.

Washegari ta yi magana da mai kula da shafin ta WhatsApp. Kasancewar rubutu yana yi mata wuya idan tana kan aiki, saƙon murya ta tura, tana tambaya ko keken sabo ne, da kuma ko zai tashi da ƙaramar inbata, ta faɗi girman inbatar. Amsar ma da murya ta zo: "Hajiya, sabo ne dal a kwalinsa, mai moto a jiki ne, inbatarki za ta ɗauke shi ba matsala. In kin biya yau, kwana uku yana Jos."

Ranar Laraba 5 ga Fabrairu ta tura naira 435,000, wato kuɗin keke da 15,000 na mota. Asusun da aka ba ta na sunan mutum ne, ba sunan shago ba. Ba a ba ta rasit ba, ita ma ba ta nema ba. Abin da ta samu shi ne saƙo mai cewa an ga kuɗi, Allah ya sa albarka.

Yunƙurin fasawa: 14 ga Fabrairu

Kwana uku suka wuce babu keke. Da ta tambaya aka ce kaya suna hanya daga Legas, bayan kwana biyu aka ce motar ta lalace, daga nan sai amsa ta fara jinkiri. Ranar Juma'a 14 ga Fabrairu, kwana tara da biyan kuɗi, ta kira ta ce ta fasa, a mayar mata da kuɗinta ta je ta sayi na Jos, ko da za a cire wani abu. Mai amsa wayar ya ce mata shagonsu ba ya mayar da kuɗi, an ma rubuta haka a saman shafinsu, ya ƙara da cewa ta yi haƙuri, keken na gab da isowa.

Ta koma shafin ta ga lalle an rubuta hakan da Turanci. Sai ta ɗauka cewa tunda a rubuce yake kuma ita ce ba ta lura ba, bakin alƙalami ya bushe. Ba ta sake tayar da maganar ba. Wannan kiran ta wayar salula aka yi shi, babu wanda ya naɗa, don haka babu wata shaida da ta rage cewa ta taɓa neman fasawa.

Isowar kaya: 22 zuwa 24 ga Fabrairu

Keken ya iso ranar Asabar 22 ga Fabrairu, kwana 17 bayan biyan kuɗi. Direba ne ya kira ta wajen ƙarfe shida na yamma ya ce ta zo tasha. Kan keken yana cikin kwali da aka naɗe da buhu da salatif, teburin kuma an ɗaure shi daban, ba yadda za a yi a buɗe a duba a tsakiyar tasha ga magariba ta kawo jiki, direban ma sauri yake yi. Ta biya mai napep naira 4,000 ya kai mata shago.

Ranar Litinin 24 ga wata wani dattijo da ya daɗe yana gyara mata kekuna ya zo haɗawa. Ɗaya daga cikin 'yan koyon, don murna, ta kunna bidiyo tun daga yanke salatif. Bidiyon ya kai minti 11, kuma a cikinsa ana ganin lokacin da dattijon ya fito da moton kuloci da bel daga cikin buhu, ya tsaya ya dube ta. Ya juya kan keken ya nuna mata inda sabon fenti ya hau kan kusoshi, ya nuna farantin allura da ya sha zirga-zirgar yadi har ya yi santsi, da haƙoran da suka fara cinyewa, da baƙin mai a wurin kwarkwaro. Ya ce: "'Yata, wannan keken ya yi aiki shekaru. An wanke shi ne aka yi masa fenti." Duk da haka suka gwada shi a inbata, sau biyu tana ƙara tana kashe kanta.

Ta tambaye shi: "Baba, yanzu ya zan yi?" Ya ce kada ta kuskura ta ɗinka ko ƙyalle da shi, ta mayar da komai cikin kwalinsa, don in ta yi aiki da shi za a ce ita ta lalata. Ta ba shi naira 5,000 na wahalarsa.

Da yammacin ranar ta tura bidiyon ga shagon, ta sa 'yar koyon ta rubuta mata saƙo gajere: cewa abin da aka aiko na hannu ne, ba shi ta saya ba, bai tashi da inbata ba, ba ta karɓa ba, kuma tana neman kuɗinta. WhatsApp ya nuna an karanta saƙon ƙarfe 5:42.

Abubuwan da aka gwada ba su yi ba: 25 ga Fabrairu zuwa 9 ga Maris

Mako na farko ya tafi a kiran waya. Lissafin wayarta ya nuna kira 31 cikin kwana bakwai, an ɗauki shida. Da farko mai shafin ya ce ai kekunan haka suke zuwa daga kamfani. Da ta matsa, ya kawo tayi biyu: ko ta ƙara naira 60,000 a aiko mata da moto mai ƙarancin cin wuta ta ɗaura, ko a mayar mata da 20,000 ta riƙe keken. Ta ƙi duka biyun. Maganarsa ta ƙarshe ita ce: "Hajiya, kaya in sun fita ba sa dawowa." Daga nan ya toshe lambarta, aka kuma goge tallar daga shafin.

Azumi ya kama ranar Asabar 1 ga Maris. Ranar Litinin 3 ga wata ta je bankinta ta nemi a janyo kuɗin. An karɓi ƙorafinta a rubuce, amma aka bayyana mata cewa da hannunta ta tura kuɗin zuwa asusun da ta yi niyya, ba kuskuren lamba aka yi ba, ba kuma sace mata aka yi ba, don haka banki ba zai shiga asusun wani ya ciro kuɗi ba sai da yardarsa ko da umarnin kotu.

Ranar Laraba 5 ga wata ta je ofishin 'yan sanda. An saurare ta, aka ce mata tunda an aiko da kaya kuma saɓanin a kan ingancinsu ne, magana ce ta ciniki da kotu ke rabawa, ga shi kuma wanda take ƙara yana Abuja. Wannan amsa tana da tushe, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Da za a bi ta fuskar zamba cikin aminci, sai an buɗe bincike da zai ɗauki lokaci, kuma ko an yi nasara hukunci ake nema, ita kuwa kuɗinta take so kafin sallah.

Ranar Asabar 8 ga Maris haƙurinta ya ƙare, ta rubuta a Facebook da sunan shagon, ta kira su ɓarayi. Cikin sa'o'i aka kira ta da wata lamba aka ce lauya zai maka ta a kotu kan ɓata suna. Ta tsorata ta goge. A ƙarƙashin rubutun, kafin ta goge, wani ya gaya mata cewa doka kwana 14 ta bayar a mayar da kayan da aka saya ta intanet, kuma nata sun cika a ranar. Ta kwana tana ganin komai ya ƙare.

A wannan tsakanin ɗinkin sallah ya taru. 'Yan koyon suka yi ta roƙonta a ari janareta a yi aiki da keken tunda yana nan a ajiye. Ta ce ta ji maganar Baba, ba za a taɓa shi ba. Ta raba wani ɓangare na aikin ga wata tela maƙwabciyarta, wasu masu kawo ɗinki kuma ta ba su haƙuri.

Abin da doka ta tanada: 10 zuwa 12 ga Maris

Yayanta ne ya kai maganar ga wani abokin aikinsa da ya karanta shari'a. Bayanin da ya yi musu shi ya sauya yadda suka tunkari lamarin, don haka ya dace a kawo shi dalla-dalla.

Batun kwana 14 gaskiya ne, amma dokar Ingila ce da ta ƙasashen Tarayyar Turai. A can, wanda ya sayi kaya daga nesa yana da kwana 14 daga ranar da kayan suka iso ya ce ya fasa, ko da babu aibin komai, ra'ayinsa ne kawai ya sauya. A Najeriya dokar da ke aiki ita ce ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ita ce kuma ta kafa hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, FCCPC, mai hedikwata a Abuja, a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa a 1992. Sashen wannan doka da ya yi magana kan mayar da kaya bai ba da dama don sauyin ra'ayi kawai ba, dole sai da dalili. Ita kuwa tana da dalili fiye da ɗaya.

Sashe na 122 ya ce mai saye zai iya mayar da kaya a biya shi kuɗinsa cif a hali biyu. Na farko, idan ya gaya wa mai sayarwa takamaiman abin da zai yi da kayan, sannan cikin lokaci mai ma'ana bayan isowarsu aka gano ba su dace da wannan buƙata ba. Na biyu, idan bai samu damar duba kayan kafin a kawo ba, kuma ya ƙi karɓarsu cikin lokaci mai ma'ana saboda ba su yi daidai da yadda aka siffanta su ba. Tambayar da ta yi kan inbata ta shigar da ita hali na farko, kwalin da aka naɗe aka miƙa mata a tasha ya shigar da ita na biyu, saƙon ranar 24 ga Fabrairu kuma ya nuna cewa kwana biyu kacal ta yi kafin ta ce ba ta karɓa ba.

Sashe na 117 ya wajabta wa mai sayar da kayan da aka yi amfani da su ko aka gyara su aka sabunta ya sa sanarwa bayyananna cewa haka suke. Sashe na 132 ya ba mai saye wata uku daga ranar isowar kaya ya mayar da su idan ba su kai ingancin da ya kamata ba, ba tare da tara ba, kuma kuɗin mayarwa da hatsarin hanya suna wuyan mai sayarwa, wanda dole ya gyara, ko ya musanya, ko ya biya. Sashe na 118 ya ce a ba mai saye shaidar ciniki a rubuce. Rubutun nan na saman shafi kuwa, sashe na 129 ya haramta duk wani sharaɗi da zai raba mai saye da haƙƙinsa na mayar da kaya masu aibi, kuma hukumar FCCPC ta sha faɗa a bainar jama'a cewa tsarin "ba a mayar da kuɗi" ya saɓa wa doka.

Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne jin sashe na 120. Sashen ya ba mutum damar soke odar da ya yi kafin a kawo, sai dai mai sayarwa zai iya cire kuɗin sokewa daidai gwargwado, ana la'akari da irin kayan, da tsawon sanarwar da aka ba shi, da kuma ko zai samu wani mai saye cikin sauƙi. Keken ɗinki ana saura mako biyu azumi ba ya rasa mai saye. Ke nan ranar 14 ga Fabrairu tana kan gaskiyarta.

Wasiƙa da ƙorafi: 13 zuwa 21 ga Maris

Matsalar farko ita ce sanin wa za a rubuta wa, tunda kuɗin asusun mutum suka shiga. Yayanta ya koma kan hoton tallar da ta tura masa tun 3 ga Fabrairu, wanda shi kaɗai ya tsira bayan an goge tallar, ya ɗauki sunan shagon ya bincika a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ya tarar sunan yana da rajista. Ya kuma sa wani abokinsa ya tambayi shafin inda shagon yake kamar mai son saye, aka ba shi kwatance a wata kasuwa.

Wasiƙar shafi ɗaya ce. Ta jera ranaku, da adadin da aka biya, da kalmomin saƙon muryar kamar yadda aka faɗe su, da abin da mai gyara ya gani, ta ambaci sashe na 117 da 122 da 129 da 132, ta ce keken yana nan a kwalinsa ba a yi ɗinki da shi ba, ta nemi naira 435,000 cikin kwana bakwai, in ba haka ba za a kai ƙorafi hukuma. Babu zagi a ciki, babu kalmar sata. Ranar Alhamis 13 ga Maris yayan ya kai ta da hannunsa, ya sa yaron da ya tarar a shagon ya sa hannu a kwafi.

Kwana bakwai suka cika shiru. Sashe na 146 ya tsara hanyoyin da mai saye zai bi: ya tunkari mai sayarwa, ko hukumar da ke kula da wannan fanni idan akwai, ko ya kai ƙorafi ga FCCPC, kuma ƙofar kotu a buɗe take. Ranar Juma'a 21 ga Maris suka shigar da ƙorafi ta shafin hukumar na intanet, suka haɗa da hoton talla, da shaidar tura kuɗi, da wasiƙar da aka sa wa hannu. A ranar yayan ya buga kwafin ƙorafin guda biyu, ya kai ɗaya shagon, ɗaya kuma ofishin ƙungiyar 'yan kasuwar.

Sulhu: 25 ga Maris zuwa 11 ga Afrilu

Ranar Talata 25 ga Maris wani dattijo ya kira yayan, ya ce shi ne mai shagon. A cewarsa, shafin Instagram yaronsa ne ke gudanar da shi, asusun ma nasa ne, sababbin kekuna sun ƙare a lokacin sai yaron ya aika da na hannu, kuma wasiƙar 13 ga wata ba ta taɓa zuwa hannunsa ba, sai da shugaban ƙungiya ya kira shi ya sani. Ba a iya tabbatar da wannan bayani ba, ba a kuma matsa a kansa ba.

An zauna ranar Alhamis 27 ga wata a ofishin ƙungiyar, ita tana kan waya daga Jos. Yayan ya kunna saƙon muryar, sannan bidiyon. Mai shagon bai musa komai ba bayan ya ji muryar yaronsa. Shugaban ƙungiyar ya ce ko ba a zo ga dokar gwamnati ba, a addini ma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Mai shagon ya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, an zalunce ki." Ta ce: "Alhaji, na yi haƙuri, amma kuɗin adashe ne, har yanzu zubi nake yi."

Inda aka daɗe shi ne wa zai fara sakin abin da ke hannunsa. Mai shagon yana so keken ya iso ya duba kafin ya biya, ita kuma ta ce in keken ya bar Jos ba ta da sauran abin riƙewa. Aka tsaya a kan rabi da rabi, aka rubuta, kowa ya sa hannu: naira 210,000 kafin a ɗora keke a mota, sauran cikin kwana biyu bayan an duba, kuɗin motar dawowa a kan shago. Naira 15,000 na kawowa kuwa mai shagon ya ce direba ya ci, ba shi ba. Yayan ya ce mata: "Ƙanwata, ki bar wannan, kada mu rasa babba saboda ƙarami." Ta amince.

Rabin farko ya shigo ranar 28 ga Maris. An yi sallah ranar Lahadi 30 ga wata. Keken ya bar Jos ranar Alhamis 3 ga Afrilu, bayan an ɗauki bidiyon naɗe shi da miƙa shi ga direba, ya isa washegari, aka buɗe a gaban yayan aka kwatanta da bidiyon farko, ba a ga wani sabon lahani ba. Kwana biyun da aka yi alkawari sun zama bakwai, sai da shugaban ƙungiya ya sake kira. Ranar Juma'a 11 ga Afrilu sauran 210,000 suka shigo, suka sanar da hukuma cewa an sasanta.

Lissafin ƙarshe: an dawo da 420,000 cikin kwana 65. Ta yi asarar 24,000 a kuɗin mota da napep da mai gyara. Keken Jos da aka taya mata 445,000 a Fabrairu ta saye shi 460,000 a Afrilu, bayan an gwada shi a gabanta. Littafin shagonta ya nuna ta mayar da ɗinki 27 a azumin.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganina abin da ya ceci kuɗin nan an yi shi tun kafin kowa ya buɗe littafin doka, kuma yawancinsa ba da shiri aka yi ba. Hoton tallar don neman shawara aka ɗauka, bidiyon don murna, saƙon murya don hannunta yana kan aiki. Amma su ne suka tabbatar da abin da aka yi alkawari da abin da aka kawo, suka kuma nuna ta faɗi buƙatarta tun kafin ta biya. Da ta yi wannan tambayar ta inbata a kiran waya kamar yadda ta yi maganar fasawa, da hali na farko na sashe na 122 ya zama maganarta a kan tasa. Shawarar mai gyara ma ta yi nauyi ƙwarai. Da an yi ɗinkin sallah da keken wata guda, mai shagon zai samu abin faɗa kan cinyewar haƙora da baƙin mai, kuma zai yi wuya a ce ba ta karɓi kayan ba.

Banki da ofishin 'yan sanda ba su gaza mata ba, ƙofofin da ba na wannan matsala ba ne ta ƙwanƙwasa, kuma sun ci mata mako guda a farkon azumi. Kira 31 bai haifar da komai ba domin duk wurin mutumin da ya yi laifin yake zuwa, wanda shi ne ya fi kowa son a rufe maganar. Rubutun Facebook ya kusa juya ta daga mai ƙara zuwa wadda ake ƙara, saboda kalma ɗaya da ba ta buƙata. Wasiƙar kanta, duk da kyawunta, ta tsaya a hannun yaron shago. Abin da ya motsa lamarin shi ne isar takarda ga wanda ke da suna da shagon da zai kare, ta hannun mutanen da yake jin kunyarsu, tare da sanin cewa maganar ta riga ta shiga hukuma. Ban yi imani ɗaya daga cikin biyun zai wadatar shi kaɗai cikin wannan ɗan lokaci ba.

Akwai kurakurai nata da ba za a ɓoye ba. Ta tura kusan duk adashenta asusun mutum, ba ta nemi rasit ba, alhali tana da ɗan'uwa a garin da zai iya zuwa ya ga keken da idonsa kafin a biya. Kuskure mafi tsada shi ne na 14 ga Fabrairu, lokacin da layi ɗaya a saman shafi ya sa ta janye daga haƙƙin da doka ta ba ta. Da ta rubuta sokewar a ranar ta tsaya a kai, ko an cire mata wani abu, da akwai yiwuwar ta shiga azumi da keke a shago.

Naira 15,000 da aka bari na damuna, domin ban ga adalci a ce ita za ta ɗauki kuɗin kawo mata abin da ba shi ta saya ba, kuma da an je gaban hukuma ko kotu tana da hujjar nema. Na fahimci dalilin yayanta, kwana uku ya rage sallah kuma rabin kuɗin ma bai shigo ba. Haka nan ya kamata a faɗa cewa ta yi sa'ar samun shago na gaske mai rajista da ƙungiya, da ɗan'uwa a Abuja mai lokacin zirga-zirga har sau biyar. Matar da ta biya shafin da ba shi da shago ko adireshi tana da waɗannan haƙƙoƙi duka a takarda, amma ba ta da wanda za ta miƙa wa wasiƙa. Lokacin da na duba shafin shagon a watan Mayu, an sauya lambar asusun zuwa ta sunan shago, amma layin da ke cewa ba a mayar da kuɗi yana nan a inda yake.